Yadda Malami Zai Koyar Da Kiɗe-kiɗen Al'ummomi Daban-daban A Aji Guda

Duk wanda ya taɓa shiga ajin makarantar gwamnati a Kano ko Kaduna ko Jos ya san cewa a benci guda za a iya samun Bahaushe da Bayarabe da Babarbare da ɗan Tibi, kuma kowanne daga cikinsu ya taso da irin kiɗan da kunnensa ya saba da shi tun yana goye. Abin takaici shi ne, sau da yawa darasin kiɗa yana ƙarewa ne a kan allo, inda malami zai jera sunayen kayan kiɗa na kowace ƙabila, yara su kwafa, su haddace, su manta bayan jarrabawa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce malami ya ɗauki abin kiɗa guda ɗaya na gida, ya sa yara su san shi da kunne da hannu, sannan ya bi sawun danginsa zuwa wasu ƙasashe.

Kafin komai, sai malami ya san ajinsa. A makon farko ya umarci kowane ɗalibi ya tambayi iyayensa ko kakanninsa irin kiɗan da ake yi a garinsu lokacin biki ko suna ko noma, da sunan abin kiɗan a harshensu, da wanda ke da ikon kaɗa shi. Daga amsoshin nan ne zai tsara zangon karatun.

Kalangu ya fi komai dacewa da buɗe darasi, domin aikinsa a fili yake. A kawo shi aji, a bar kowane yaro ya rataya shi, ya sa shi a hammata, ya matsa igiyoyin da suka haɗa fatun biyu yana bugawa, har ya ji da kansa yadda amo ke tashi sama idan ya matsa, ya kuma sauko idan ya sassauta. Daga nan sai malami ya nuna musu cewa Hausa ma haka take hawa da sauka, ya sa su furta kalmar da ake kiran mahaifi da ita da wadda ake rina tufa da ita, wato baba da baba, su ji yadda karin sauti ya raba su. Da zarar sun fahimci wannan, sun fahimci yadda kalangu ke kiran sunan mutum ko ya yi wa ɗan dambe take ba tare da makaɗin ya buɗe baki ba. A nan ne ɗan Yarabawan da ke ajin zai yi amfani ƙwarai, domin gangunan mutanensa, waɗanda suke kira dundun da gangan, da irin wannan dabara suke magana, haka ma lunga ta Dagombawa a arewacin Gana da tama ta Senegal. A saurari kowanne a rediyo ko waya na ɗan lokaci, a tambayi yaran abin da ya yi kama da abin da ya bambanta, kuma kada malami ya yi gaggawar ba su amsa.

Idan an gama da fata sai a koma kan tsirkiya. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza ko damo, aka ɗaura mata izgar doki, ana goga ta da wata izgar da aka ɗaure a ɗan baka. Yarabawa suna kiransa goje kuma shi ne ke jan kiɗan sakara, Dagombawa suna da gonje a fadar sarakunansu, Buzaye kuwa suna da imzad, wanda mata ne ke kaɗa shi, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Wannan bambanci kaɗai ya isa darasin yini guda: abin kiɗa kusan iri ɗaya, amma a wani wuri na fada ne, a wani wuri na mata ne, a ƙasar Hausa kuma an fi danganta shi da bori da wuraren shaƙatawa. Molo da gurmi da garaya su ma suna da dangi a Mali da Senegal, irin su ngoni da halam, kuma daga irin waɗannan kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne bayin da aka ketarar da su teku suka ƙera banjo a tsibiran Karibiyan da Amurka. Algaita kuwa sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin a Maroko da Aljeriya ana busa ghaita har yau.

Ya kamata malami ya kiyaye da wani kuskure da ake yawan yi, wato auna kowane kiɗa da ma'aunin Turawa. Tsarin do-re-mi da rubutun kiɗa a kan layuka biyar suna da amfani, kuma yana da kyau yara su koye su, sai dai ba su ne mizanin daidai da kuskure ba. Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa a kan matakan sauti biyar suke tafiya, kiɗan Larabawa yana da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, kiɗan Indiya kuma yana ƙirga bugu a zagaye, kamar zagayen bugu 16 da suke kira tintal. Saboda haka kunne ne zai riga takarda. Malami ya rera ɗango guda, yara su amsa kamar yadda 'yan amshi ke yi wa uban kiɗa, a maimaita har ya zauna, sannan a rubuta idan akwai buƙata. Wani masanin kiɗa na Amurka, Mantle Hood, ya yi kira tun 1960 cewa mai nazarin kiɗan wasu mutane ya koyi kaɗa shi da hannunsa kamar yadda ake koyon harshe na biyu, kuma makaɗanmu da haka suke horar da yaransu tun fil azal.

Rashin kuɗi ba hujja ba ne. Ƙwarya da aka kifa a kan ruwa cikin kwano, da tulu wanda zai tsaya a madadin udu, wato tulun kiɗa na Ibo, da gwangwani mai tsakuwa, da tafin hannu, sun wadatar. A raba aji gida biyu, ɓangare ɗaya ya tafa sau uku a daidai lokacin da ɗayan ke tafa sau biyu, sannan su yi musanya. Da farko za a rikice, a yi ta dariya, amma wannan saƙar ta uku da biyu tana cikin kiɗe-kiɗe masu yawa na Afirka ta Yamma, kuma yaron da ya kama ta zai riƙa jin ta a duk inda ta ɓullo.

Akwai kuma maganar hurumi, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata nauyi. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa su ko kaɗa su don kowa, bandiri na zikirin Ƙadiriyya ne, kuma kowace al'umma tana da kiɗan da ya shafi ibadarta. Irin waɗannan a bayyana su, a saurare su da ladabi, amma kada a sa yara su kwaikwaye su a matsayin wasa, kada kuma a tilasta wa wani yaro rera abin da ya saɓa wa addinin gidansu. Tun da akwai iyayen da ba su sakin jiki da kiɗa, ya dace malami ya sanar da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye abin da zai koyar, ya kuma fara da waƙoƙin aiki da na gaɗa da na reno, waɗanda kowa ya san su a gida.

Sau ɗaya a zango, a gayyato makaɗi na gaske, wannan karon Bahaushe, wani karon daga wata al'umma da ke zaune a garin. A gabatar da shi a matsayin malami, a ba shi kujera, a biya shi haƙƙinsa yadda aka yi yarjejeniya tun kafin ya zo, kuma a nemi izininsa kafin a ɗauki muryarsa ko hotonsa. Yara su shirya tambayoyinsu tun daga gida: wa ya koya masa, shekara nawa ya yi yana amshi kafin ya kama kansa, da wace fata yake rufe gangarsa.

Wajen ba da maki, malami ya haɗa yara bibbiyu daga gidaje daban-daban, kowanne ya koya wa abokinsa gajeriyar waƙa ko bugu daga wajensu, tare da ma'anarta da lokacin da ake yin ta. Ranar gwaji, kowa zai gabatar da abin da aka koya masa, wanda ya koyar kuma yana tsaye a gefe yana gyara masa furuci, sannan a ba su maki ɗaya su biyun.