Yadda na cire haƙoran zarto daga laburaren zanena

Ranar da ɗan laburaren zanen (tarin umarnin kwamfuta mai zana siffofi) da nake rubutawa da harshen C ya fitar da da'irarsa ta farko, murnata ba ta kai minti biyu ba. Ina ƙara girman hoton sai ga gefen da'irar kamar haƙoran zarto. Ba na taɓa katin GPU mai sarrafa hoto, furosesa ce ke lissafa kowane ɗigo da kanta, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Kafin komai ka tanadi allo, wato jerin lambobi a ma'adana, faɗi sau tsawo, kowane ɗigo da ja, kore, shuɗi da alfa (yawan yadda launi ke rufe abin da ke bayansa). Kada ka ɓata lokaci wajen buɗe taga a kan sikirin. Ka zubar da allon cikin fayil na PPM, wani sauƙaƙƙen tsarin ajiye hoto: ka rubuta P6, faɗi, tsawo, 255, sannan bait uku-uku na kowane ɗigo. Layin umarni goma sun ishe ka ganin abin da ka zana.

Yawancinmu da dabarar Jack Bresenham muke fara jan layi, wadda ya ƙirƙira a IBM a 1962. Tana da sauri, ba ta buƙatar lamba mai gutsure, amma tambaya ɗaya take yi wa ɗigo: kana ciki ko kana waje? Daga nan haƙoran suke fitowa. Gyaran shi ne ka ɗauki ɗigo kamar fegi mai kusurwa huɗu da titi ya ratsa, ka tambayi kashi nawa titin ya ci. Idan rabi ya ci, a ba ɗigon rabin launi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba kowane ɗigo gida 16, huɗu a kwance huɗu a tsaye, ka ƙirga nawa suka faɗa cikin siffar. Aikin ya ninka sau 16, matakan haske 17 kacal za ka samu. Duk da haka ka rubuta ta, ka ajiye. Da ita nake auna sauran dabaru idan na fara zargin lissafina.

Ga siraran layuka akwai dabarar Xiaolin Wu ta 1991. A kowane taki tana shafa ɗigo biyu da layin ya bi ta tsakaninsu: wanda ya fi kusa ya sami, misali, kashi 70, ɗayan 30. Tana kyau, sai dai ba ta cika cikin siffa.

Inda na fi daɗewa shi ne lissafin fili na ainihi, irin wanda laburaren FreeType ke yi wa haruffa da matakai 256, wanda Maxim Shemanarev ya gina laburaren zanensa Anti-Grain Geometry a kansa. Ka fara yanka duk wata lanƙwasa zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka. Kowane ɗigo da layi ya ratsa ka ajiye masa lamba biyu: tsayin da layin ya ci a cikinsa, da filin da ya yanka. Layi mai gangarowa ka ƙara, mai hawa ka debe. Bayan ka gama da dukkan gefuna sai ka bi kowane sahu daga hagu zuwa dama kana tara lambar farko. Jimillar ce ke gaya maka ko kana cikin siffa, ta biyun kuma tana gyara ɗigon bakin iyaka. Daɗinta shi ne tsakiyar siffa ba ta cin lissafi, shafe ta kawai ake yi.

Sai abin da ya hana ni barci kwana uku. Farin rubutu a kan baƙin allo ya riƙa fitowa a rame, na yi ta neman kuskure a lissafin fili, ashe lafiyarsa ƙalau. A tsarin launi na sRGB, inda lambobi ke tashi daga 0 zuwa 255, lamba 128 ba rabin haske ba ce, wajen kashi 22 cikin 100 ce. Rabin haske yana kusa da 188. Ka yi tebur mai gida 256 da ke mai da launi zuwa hasken gaskiya, ka gauraya a can da lambobin da suka fi bit 8 faɗi, sannan ka dawo da shi.

Wani tarkon kuma: alwatika biyu masu gefe ɗaya. Kowace ta rufe rabin ɗigo, amma idan ka gauraya su ɗaya bayan ɗaya kashi 75 ne ke rufuwa, sauran 25 na bango ya leƙo kamar zare. Ka haɗa su siffa ɗaya kafin ka zana.

Da za ka saki aikin a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke raba aikinsu, ka sa lasisi tun ranar farko. Ni lasisin MIT na zaɓa don gajere ne, kowa na iya karantawa. Ka kuma ajiye hotunan gwaji da za a riƙa kwatantawa da su duk lokacin da wani ya turo gyara. Nawa guda uku ne: da'ira, layi mai ɗan karkata kaɗan daga kwance, da kalmar "ƙoɓe-ɗaki" da na ƙaga don ta tara haruffanmu masu ƙugiya, a tsayin ɗigo 12. Idan ƙugiyar ƙ ta narke har ta koma k, ba na karɓar gyaran.