Yadda ake bin diddigin cutar Fakinsin a gida

Duk wanda ya taɓa raka dattijo mai cutar karkarwa ta Fakinsin daga Agege zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ya san yadda ake yi. An sha gosulo tun asuba, likita ya ce "Baba, yaya jiki?", Baba ya ce "Da sauƙi." Shi ke nan, labarin wata uku ya ƙare a kalma biyu. Kunya ce irin tamu, amma ba ta taimakon likita.

A fara da sayen littafin makaranta guda, a keɓe shi. Kullum a rubuta lokacin da aka sha magani, da agogo, ba "bayan azahar" ba. Maganin lebodofa yana cike gurbin sinadarin dofamin da ƙwaƙwalwa ta rage samarwa, kuma idan shekaru suka ja, ƙarfinsa kan ƙare kafin lokacin ƙwaya ta gaba. Don haka a lura: minti nawa kafin jiki ya saki? Ƙarfe nawa karkarwa da sandarewa suka dawo? A rubuta abin da aka ci ma, domin nama, ƙwai ko wake kusa da shan maganin suna iya rage aikinsa.

Nan ake yawan kuskure. Karkarwar da ke zuwa hannu yana ajiye a cinya daban take da mutsu-mutsun da jiki ke yi lokacin da magani ke tsakiyar aiki. Idan an kasa bambancewa, a ɗauki bidiyon daƙiƙa 30 da waya.

Sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a yi ɗan gwaji. Mara lafiyan ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, wani na tsaye kusa yana ƙirga daƙiƙoƙi. Sai mara lafiyan ya rubuta sunansa a shafin ƙarshe na littafin. Bayan watanni za a ga ko rubutun na ƙanƙancewa. A ƙara da abubuwan yau da kullum: saka maɓallin riga, tashi daga sujada, ƙafa ta maƙale a bakin ƙofa.

Kafin ranar asibiti a taƙaita komai a shafi ɗaya. Faɗuwa ko shaƙewa wajen cin abinci ba a jira da su sai ranar. Kuma ko me littafin ya nuna, kada a ƙara ƙwaya ko a daina ta kwatsam ba da sanin likita ba.