Yadda za ka taimaki ƙaninka idan ya faɗa shan tramol ko kodin

Da farko dai ka daina tunanin duka, wallahi ba ya aiki, ƙara ɓoye maka kawai zai yi. Ka lura da shi, kwalaben sirop a ƙarƙashin katifa, baccin rana ba ƙa'ida, kuɗin cefane suna ɓata. Ka same shi lokacin da yake garau ku yi magana ku biyu, ba gaban Hajiya da yara ba.

Kar ka ce ya yanke lokaci ɗaya in ya daɗe yana sha, zai kama zufa da gudawa da ciwon jiki ga rashin bacci, wahalar nan ce take mayar da su ruwa, shi ya sa likita ne yake rage masa kaɗan kaɗan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ma suna da sashen gyaran hali. Gidan mari kuwa don Allah a'a, sarƙa ba magani ba ce.

Tramol da yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya, in ta same shi a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki, a wuce asibiti.