Yadda Mai Ƙaramin Jari Zai Fara Harkar Gidan Haya a Zariya

Yawancin masu shiga harkar gidan haya suna farawa ne da neman fili mai araha, sai bayan gini ya kai linta su fara tunanin wanda zai zauna a ciki. A Zariya wannan kuskure yana da tsada, domin kowace unguwa da irin 'yan hayarta. Kafin ka kira dillali, ka yanke shawarar wanda kake son ya kama ɗakinka, domin shi zai nuna maka unguwar da za ka saya, da fasalin ginin da za ka yi, har ma da watan da kuɗi zai riƙa shigowa hannunka.

A Samaru da Hayin Dogo da Bomo da Zango ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne ƙashin bayan haya, kuma abin da suke nema shi ne ɗaki guda mai banɗaki da ɗan wurin girki a ciki, kusa da titin da za su sami abin hawa. Kongo da Gyallesu ma ɗalibai ne suka fi yawa. A wajen Shika kuwa ma'aikatan asibitin koyarwa ne, a Palladan akwai ma'aikatan kwalejin horar da matuƙa jirgin sama, sannan a Sabon Gari da Muchiya 'yan kasuwa ne masu iyali, waɗanda suke neman ciki da falo ko gida mai ɗakuna biyu zuwa uku. Ɗakunan ɗalibai sun fi kawo kuɗi idan aka kwatanta da abin da aka kashe, amma suna tafiya ne da kalandar makaranta. A shekarar 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk mai ɗakuna a Samaru ya san yadda aka ƙare da ɗaliban da kuɗinsu ya ƙare alhali kayansu na kulle a ɗaki. Mai iyali ba ya biyan da yawa, sai dai yakan daɗe. A ganina, wanda albashi ne kaɗai madogararsa ya fi dacewa ya fara da masu iyali, ko kuma ya raba gidan biyu.

Bayan wannan sai maganar takardu, kuma a nan ne ya kamata ka fi jan ƙafa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne na tsawon shekaru, galibi 99 ga gidan zama, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye, don haka ka ɗauki lambar takardar da aka nuna maka ka nemi a bincika kafin ka biya ko sisi. Takardar ciniki da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani wajen tabbatar da cewa an yi cinikin a gaban jama'a, amma ba ta maye gurbin takardar gwamnati. Rusau ɗin da aka yi a unguwar Graceland da ke Zariya a 2021, kan taƙaddamar fili da kwalejin jiragen sama, ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da duk filin da ke maƙwabtaka da wata hukuma, ko barikin soja, ko layin dogo, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Gidan gado shi ne ya fi jawo shari'a, musamman a cikin birni da Tudun Wada, inda gida ɗaya kan kasance na magada goma ko fiye, wasu a Kano, wasu a gidan aure. Kada ka wadatu da maganar babban wa. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbatar kowane magaji, har da mata, ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Kuɗin lauya a wannan mataki ba ya kai la'adar dillali, amma mutane sukan biya la'ada da murmushi su yi ƙyashin lauya.

Ka je ka ga wurin da damina, a watan Agusta idan da hali. Filin da ke gangaren kogin Kubanni ko wata fadama yakan yi kyau da rani, da damina kuma ruwa ya kwanta a tsakar gida, danshi ya hau bango, shadda ta cika. Ka tambayi maƙwabta zurfin rijiyoyinsu da ko suna ƙafewa a watan Afrilu, domin a Zariya ɗan haya yakan tambayi ruwa kafin ya tambayi kuɗi. Idan gini za ka tayar, ka nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, tun kafin a haƙa harsashi.

Lissafin riba ba shi da wuya, sai dai mutane ba sa son yin sa. A ce ka kashe naira miliyan 20 a fili da gini, ka sami ɗakuna 8, kowanne naira dubu 200 a shekara. Jimilla naira miliyan 1.6 ke nan. Ka cire kuɗin ɗaki ɗaya da zai iya zama babu kowa, ka cire kuɗin fenti da gyaran kwano da yashe shadda da harajin ƙasa, abin da zai rage bai wuce miliyan 1.2 ba, wato sai an haura shekara 16 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ribar gaske tana cikin darajar filin da ke hauhawa, shi ya sa bai dace a ci bashi mai ruwa a yi gidan haya ba, ko da an ajiye batun haramcinsa a gefe. Gara ka gina ɗakuna 4 ka kammala su tsaf, ka zuba mutane, hayarsu ta taimaka wajen ɗora sauran, da ka tayar da 10 su shekara uku babu rufi.

Wajen zaɓar ɗan haya, ka nemi sanin sana'arsa da inda ya taso, ka kuma buƙaci wani sananne ya tsaya masa. Ku rubuta yarjejeniya ko da ɗan abokinka ne: ranar shiga, ranar ƙarewar kuɗi, adadin mutanen da za su zauna, wanda zai gyara famfo da wanda zai gyara rufi, da hana ba wa wani ɗakin ba da saninka ba. Ka ba da rasit duk lokacin da aka biya. Kuɗin wuta ne ya fi haddasa faɗa a gidan haya, don haka ka yi ƙoƙarin sa wa kowane sashe mitarsa mai kati, ka kuma duba ko tsohon mai gida ya bar bashi kafin ka saya.

Idan zama ya ƙi daɗi, kada ka cire ƙofa ko kwano, kada ka zubar da kayan mutum a waje, domin kotu za ta juya kanka ne. Ƙa'idar da aka saba bi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ita ce notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, sannan wani notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Da yawa daga cikin irin waɗannan rigingimu sukan mutu a zauren mai unguwa, musamman idan wanda ya tsaya wa ɗan hayar yana wurin kuma takardar yarjejeniya tana hannunka.