Yadda ake auna tafiyar ƙasa da GPS, ko a nan Maradi

Ƙasar nan da muke takawa tafiya take yi fa, ba wasa nake ba. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, kamar tsohuwar ƙwarya yake da ta sha ɗinki, kuma ɓangaren da Nijar take kai, wanda masana ke ce ma Nubiya, yana gusawa arewa maso gabas kamar santimita 2 da ɗan wani abu kowace shekara, faɗin babban yatsa kenan. Ga yadda ake kama wannan ɗan motsin.

Da farko aje wayarka gefe. GPS ɗin waya kuskurenshi ya kai mita 3 zuwa 5, ya isa ya kai ka Tibiri amma ba ya ganin santimita. Na'urar da ake so irin ta masu awon fili ce, mai eriya kamar faranti, mai kama sigina iri biyu, L1 da L2. Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, kafin siginar ta iso sai ta ratsa wata iska mai caji a sama wadda ke jinkirta ta, kuma mu nan yankin abin ya fi tsanani musamman bayan magariba, to idan kana da sigina biyu sai a gwama su a cire jinkirin. In na'urar tana kama sauran taurarin da ke aiki irin na GPS, wato Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin ma, madalla.

Amma ni a ganina aikin ba a na'ura yake ba, a turke yake, wato ginshiƙin da ake ɗora eriyar a kai duk lokacin awo. Mu nan rairayi gare mu, ka dasa turke a jigawa ko kusa da Gulbi damina ɗaya ta isa ta karkatar da shi, sai ka zo kana murna ka gano motsin nahiya alhali simintinka ne ya zauna. Abin da ya fi shi ne dutse na asali wanda ya fito daga cikin ƙasa, irin na Damagaram ko na kudu wajen iyaka, ba ƙaton dutsen da ke zaune bisa ƙasa ba, a huda shi a kafa ƙusar ƙarfe wadda ba ta tsatsa. In babu dutse sai a yi gina mai zurfi sosai har a wuce ƙasa mai laushi, a zuba kankare da rodi, a barshi ya zauna watanni kafin a fara yarda da awonshi. Kada a sa shi kusa da rijiyar burtsatse da ake zuƙar ruwa sosai, kada ƙarƙashin bedi, kada jikin rufin kwano don kwano yana maido sigina ta rikita lissafi. Sararin sama ya zama a buɗe ta ko'ina. Sannan ka je ka gaida mai gari da mai gona ka yi musu bayani, in ba haka ba wani zai ɗauka an zo yanka mishi fili ne ya tumɓuke abin, ko ka tarar an ɗaure akuya a jiki.

Ranar awo, eriya ta zauna daidai kan tsakiyar alamar, wato ƙusar nan da aka kafa, ta kalli arewa, ka auna tsayinta daga alamar sau uku ka rubuta a littafi har da lambarta da hoto. Nan mutane suka fi faɗuwa, kuskuren milimita 5 a tef ya ɓata aikin shekara. Saita na'urar tana ɗauka duk daƙiƙa 30, ka barta awa 24 cur, kwana uku ko huɗu a jere ya fi. Batir da sola dole ne, ka yi ma batirin inuwa don zafin Afrilu ba ya raga mishi, lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙurar sola.

Ka dawo gida ka mayar da bayanan zuwa tsarin RINEX, irin fayil ɗin da manhajojin lissafin GPS ke karantawa. Kada ka yi gaggawa, jira kamar sati biyu sai ƙungiyar IGS, ta masana GPS na duniya, ta fitar da takamaiman hanyar da taurarin suka bi, da ita ake samun milimita. Masu bincike suna lissafin da manhajoji irin su GAMIT na jami'ar MIT ko Bernese ko GipsyX na NASA, amma ɗalibi zai iya tura fayil ɗinshi shafin intanet na CSRS-PPP na Kanada kyauta ya samu amsa. Ka tabbata duk awon yana kan ma'auni ɗaya, misali ma'aunin duniya da ake kira ITRF2020, kar ka haɗa gambiza.

Sai maimaitawa. Shekara mai zuwa a koma a wannan watan dai, da eriyar nan dai in da hali, saboda nauyin ruwan damina yana danna ƙasa milimitoci da dama, rani ya yi ta ɗago, ka auna bana a Satumba baɗi a Maris ai damina ka auna. Ko tashar GPS ta dindindin da ke aiki dare da rana sai ta yi shekara biyu da rabi kafin a yarda da saurin da ta bayar. Japan tana da irin waɗannan tashoshi kusan 1,300, shi ya sa a girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011 suka ga tashar Oshika ta matsa mita 5.3 lokaci guda. A Afar ta Habasha kuma a 2005 ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60.

Mu tsakiyar ɓangare muke, nesa da ɗinkin ƙwaryar, don haka in ka zana sakamakon ka cire tafiyar Nubiya abin da zai rage kusan sifili ne. In ka ga turkenka ya nutse santimita 3, kafin ka tada hankalin unguwa da zancen girgizar ƙasa, koma ka duba littafin tsayin eriya, sannan ka tambaya ko an haƙa sabuwar burtsatse a kusa.