Ga masu koyar da rawa: ku duba abin da kuke faɗa wa yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga masu horar da 'yan rawar gargajiya, a makaranta ko a ƙungiya.

Yawancinmu gaɓoɓi muke ta kira: miƙe gwiwa, ɗaga kafaɗa, matse ciki. Yaro ya tattara hankalinsa a jikinsa, sai ka ga ya sandare, kiɗa ya wuce shi. Tun 1998 binciken Gabriele Wulf, wata masaniyar yadda ake koyon motsin jiki, ya nuna cewa mai koyo ya fi iya tsayuwa da motsi idan hankalinsa yana kan abin da motsin zai haifar, ba kan gaɓar da ke motsin ba. Jiki ya san aikinsa. Yawan sa masa ido ne ke rikita shi.

To ku sauya magana. Maimakon "miƙe ƙafa ka yi tsalle", ka ce "ture ƙasa". Maimakon "lanƙwasa gwiwa in za ka sauka", ka ce "sauka kada mu ji ƙararka". Wannan ta biyun na fi so, domin gwiwa da idon sawu za su sassauta da kansu, dukan da suke sha a kan siminti ya ragu. Mai akayau a ƙafa kuwa, ka ce masa ƙarar ta faɗo daidai da ganga.

Umarni ɗaya a lokaci guda, don Allah. "Matse ciki" kuma a rage ta, tana sa yara riƙe numfashi, su gaji da wuri. Wanda ya ce yana jin ciwo, wannan kam ya saurari jikinsa, ya zauna ya huta.