Yadda ake gwada ko enzayim masu kashe gubar oksijin ne ke ceton bakteriya a cikin asid

Bakteriyar E. coli tana iya rayuwa na sa'o'i a ruwan da tsaminsa ya kai pH 2.5, kusan irin na cikin ɗan Adam. Ana zaton asid yana ratsa jikinta ya wargaza furotin masu riƙe da ƙarfe, ƙarfen da ya kuɓuce kuma ya haɗu da haidirojin feroksaid ya haifar da guba mai lalata DNA. Enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, iri biyu ne ke tare wannan ɓarna: dismutas, wanda ke mai da sufa'oksaid, wata guba da ke fitowa daga oksijin, ya zama feroksaid, da katalas, wanda ke fasa feroksaid ya koma ruwa da oksijin.

Da farko a tanadi iri biyu na bakteriyar, ɗaya lafiyayye, ɗaya kuma an cire masa ƙwayar gadon katE ko katG, masu samar da katalas, kamar waɗanda ke cikin tarin Keio na shekarar 2006, wato tarin irin E. coli da aka cire wa kowanne ƙwayar gado guda. Idan dismutas ake bincike, gara a cire ƙwayoyin gadonsa sodA da sodB tare, domin ɗaya yana iya rufa wa ɗaya asiri idan an cire guda kawai.

A raini kowane iri a ruwan LB, wato ruwan abincin rainon bakteriya, a zafin digiri 37 na Salshiyas har kwana guda, domin sai bakteriya ta daina hayayyafa furotin RpoS ke yawaita, shi ne kuma ke kunna katE. A ɗiga wa kaɗan daga ciki feroksaid na kashi 3 cikin ɗari. Yawan kumfa yana nuna ƙarfin katalas.

Sannan a zuba kashi ɗaya na rainon cikin kashi dubu na ruwan gishirin da aka daidaita a pH 2.5. Kada a sa masa gulutamet, wato ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, kuma a ganina wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar kulawa, domin E. coli tana da wata hanyar kariya dabam mai amfani da gulutamet wajen shanye asid, wadda in ta tashi aiki za ta iya ɓoye bambancin da ake nema. A ɗebi samfuri nan take, a sake ɗiba bayan awa biyu, a tsarma, a shafa a farantin aga, wato daskararren abincin rainon bakteriya, washegari a ƙirga gungun da suka tsiro.

Ko da irin da aka cire wa ƙwayar gado ya fi mutuwa, hujja ba ta kammala ba tukuna. Sai a maimaita gwajin a wurin da babu oksijin, a kuma maimaita shi da sinadarin difiridil mai ɗaure ƙarfe. Idan tazarar mutuwa tsakanin irin biyu ta ragu a waɗannan yanayi biyu, kuma mayar da ƙwayar gadon ta hanyar filasmid, wato ƙaramin zoben DNA da ake sakawa cikin bakteriya, ya dawo da juriyar, to gubar oksijin ce ke kisan, enzayim ɗin kuma shi ne ke tare ta.